Darasi na 9: Saukar Baƙin Tsirrai a Tsakar Gida

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambance tsiron da zai rayu a garinsu da wanda zai ɓata masa kuɗi a banza;
2. zaɓen wurin da ya dace a cikin gida, da haɗa ƙasar shuka;
3. dasa ayaba, gwanda, citta, abarba da lemu;
4. lissafa ruwan da shukarsa za ta sha a wata.

Goron da bai zauna a Kano ba

Shekaru aru-aru fataken Hausa suna kora jakuna zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga, su kawo Kano da Katsina da Sakkwato. Tafiya ce ta watanni. Ga shi kuma goron da ake tauna shi ne irin da ake shukawa. To, me ya hana kakanninmu binne shi a bayan gida su huta da wannan wahala? Bishiyar goro ’yar kurmi ce. A dazuzzukan Asante ta saba, inda ruwa ke zuba mafi yawan shekara, iska kuma ke ɗauke da laima. Ranin ƙasar Hausa na wata bakwai ba nata ba ne.

Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wasu baƙin sun zo sun zama ’yan gari har an manta asalinsu. Mangwaro da zogale daga yankin Indiya suka fito. Darbejiya ma daga can take, a zamanin mulkin mallaka aka shigo da ita. Gwanda, gwaba, tumatir, barkono, rogo da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo. Kai, har gyaɗar da aka gina dala da ita a Kano, asalinta Kudancin Amurka ne.

Ashe ke nan baƙunta ba ta hana zama. Abin da ke raba baƙon da ya zauna da wanda ya mutu shi ne yadda gidansu na asali ya yi kama da masaukin da aka ba shi. Saboda haka tambayar farko da za ku yi wa kowane tsiro ita ce wadda ake yi wa baƙo bayan ya sha ruwa: daga ina?

1. Ku san gidan baƙo, ku san naku

Ruwan da ke sauka a Kano a shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Na Sakkwato da Maraɗi bai ma kai haka ba. A Kalaba kuwa, can kudu maso gabashin Nijeriya, yakan kai kimanin milimita 3,000. Tsiron da aka ɗauko daga irin wannan wuri aka kawo mana, abokan gaba uku zai tarar: dogon rani, busasshiyar iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan haura digiri 40.

Idan aka auna da wannan, baƙin tsirrai sun kasu uku.

Na farko su ne masu sauƙin kai. Da zarar sun kafa saiwa, ruwa kaɗan ya ishe su: mangwaro, gwaba, lemun tsami, rumman, zogale.

Na biyu su ne masu son hidima. Za su rayu su yi ’ya’ya, amma sai an tsaya musu da ruwa da inuwa da kariya daga iska: ayaba, gwanda, abarba, citta, kurkum, lemun zaƙi. A kansu wannan darasi ya fi tsayawa.

Na uku su ne waɗanda hidima ba za ta wadatar da su ba. Goro da koko kurmi suke so. Ganyen shayi da sitiroberi sanyi suke so, shi ya sa ake noman shayi a tsaunin Mambila, ake noman sitiroberi a tudun Jos, inda ƙasa ta ɗaga sama da teku da kimanin mita 1,200. Mutumin Gusau ko Damagaram da ya sayi irin waɗannan, ya saya wa kansa ɓacin rai.

2. Shirya masauki

Kafin ku sayi komai, ku ɗauki yini guda kuna lura da tsakar gidanku. Ina rana take bugawa da hantsi? Ina take bugawa bayan azahar? Ina ruwan alwala da na wanke-wanke ke bi?

Ranar safe magani ce ga tsiro, ta bayan azahar ita ke ƙona ganye. Wuri mafi kyau shi ne wanda ɗaki ko katanga ke yamma da shi, don inuwa ta rufe shi da la’asar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka idan ɗari ya shigo sai a kafa zana ta wannan ɓangaren. Kada a warwatsa shuke-shuken, ɗaya nan ɗaya can. A tara su wuri guda. Ganyen wannan yana yi wa wancan inuwa, laimar da suke fitarwa kuma tana zama a tsakaninsu, sai kusurwar ta zama ɗan ƙaramin kurmi. Duk mai shan ruwa da yawa a nisanta shi da katangar ƙasa da mita biyu aƙalla, kada garin neman ayaba a rasa katanga. Mangwaro kuwa, saiwarsa tana tafiya nesa. Ba a dasa shi kusa da ɗaki ko masai.

Ƙasar shuka a haɗa ta kamar haka: kwano biyu na ƙasar lambu, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. A lura da kalmar “ruɓaɓɓe”. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa. Takin da ya nuna baƙi ne, ba ya wari, kuma idan aka cusa hannu a ciki ba a jin ɗumi.

Wanda gidansa siminti ne ko yake zaman haya, ba a bar shi a baya ba. Tsohon bokiti, rabin jarka, buhun da aka naɗe bakinsa, duk mazubi ne. Sharaɗi ɗaya ne: a huda gindinsa. Tsirran da suka mutu a tukunya saboda ruwa ya kwanta musu sun fi waɗanda ƙishirwa ta kashe yawa.

Sai batun ruwa, wanda shi ne cikas a yawancin gidajenmu. Dabaru uku ke rage wahalarsa.

Ta farko, a juya ruwan da ake zubarwa. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk suna da kyau. Wanda ke da omo mai yawa, ko bilic, ko gishiri, ko maiƙo, kada ya je gindin shuka.

Ta biyu, a yi wa ƙasa mayafi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ganyen da ya zubo, kaurin yatsa huɗu, kewaye da tsiron. Rana ba za ta shanye laimar da wuri ba. A bar tazarar tafin hannu tsakanin mayafin da jikin tsiron saboda gara.

Ta uku, a binne tulu. A samo tulun ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, a binne shi har wuya kusa da shukar, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa da faifai ko murfi don kada sauro ya yi ƙwai. Yadda tulu ke tsattsafo da ruwa a ɗaki har ya yi sanyi, haka zai riƙa tsattsafowa a cikin ƙasa, saiwa na sha a hankali. Bayan ’yan watanni idan kuka tona gefe, za ku ga saiwoyi sun rungume tulun.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta kankama, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma idan rana ta yi sanyi. Wanda ya dasa a bazara ya haɗa jariri da gobara.

3. Baƙi biyar, kowa da halinsa

*Ayaba.* Asalinta kudu maso gabashin Asiya. Ba a shuka ta da iri. ’Ya’yan da ke tsirowa a gindin uwa ake cirewa a dasa. A zaɓi ɗan da ke da kaurin gindi da siraran ganye masu kama da takobi. Mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami ya fi kyan gani, amma rago ne. A fere gindin da wuƙa mai tsabta kamar ana feraye rogo, a yanke duk inda ya yi baƙi ko ya nuna ramin tsutsa. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a cika da haɗaɗɗiyar ƙasa. Gajeriyar ayaba ta fi dacewa da tsakar gida, don katanga tana kare ta daga iska. Cikin shekara guda, ko da ɗan ɗori, za ta fitar da nono. Idan ya yi nauyi a tokare shi da gwafa. Kowane tushe sau ɗaya yake haihuwa. Bayan an yanke nonon sai a sare tushen, a daddatsa shi a zuba a gindin sauran. A kowane gurbi a bar uku kawai: uwa, ’ya da jika. Idan aka bar su suka yi cunkoso, ganye za a samu, ba ayaba ba.

*Gwanda.* Ita da iri ake shuka ta. A ɗebi ƙwayoyin gwanda nunanniya mai zaƙi, a murje su a tsumma har yauƙin da ke jikinsu ya fita, domin wannan yauƙin yana jinkirta tsira. A shanya a inuwa, a shuka a leda. Cikin mako biyu zuwa uku za su fito. Sirrin gwanda shi ne akwai namiji, akwai mace, akwai mata-maza, kuma ba a gane su sai sun yi fure, bayan kamar wata huɗu zuwa shida. Furen namiji ƙanana ne, masu yawa, suna reto a kan dogon sili. Na mace babba ne, yana manne da jikin itacen. Shi ya sa ake dasa uku a gurbi ɗaya, idan sun yi fure a cire waɗanda ba a so. Kada a kashe maza duka. Ɗaya ya ishi mata goma. Gwanda tana son ruwa amma ba ta yafe kwanciyarsa: idan gindinta ya yi kwana biyu cikin tabki, saiwa ta ruɓe. A dasa ta a kan ɗan tudu. Bayan shekara uku ko huɗu ta yi tsawo, haihuwa ta ragu, sai a sake sabuwa.

*Citta.* Manoman Kachiya da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna su ne gwanayenta, amma buhu ɗaya a inuwar mangwaro ya isa ya ba gida cittar shayi. A samo ɗanyar citta mai ƙiba, a kakkarya ta yadda kowane gutsure zai zo da ido ɗaya ko biyu, a bar su su sha iska kwana guda, sannan a binne zurfin yatsa uku, ido na kallon sama. Idan ganyen ya yi rawaya ya kwanta, bayan wata takwas zuwa goma, sai a zazzage buhun. A shekarar 2023 wata cuta ta ruɓar da gonakin citta masu yawa a kudancin Kaduna. Irin wannan cuta tana bin iri da ƙasa, don haka duk gutsuren da ya yi laushi ko yake wari a jefar da shi nesa. Kurkum ma haka ake shuka shi.

*Abarba.* Wannan kyauta ce, domin abin da ake yarwa shi ne irin. A murɗe tukkun ganyen da ke kanta, a ciccire ganyen ƙasa har ɗan kututturen ya bayyana, a ajiye a inuwa kwana biyu ko uku ya bushe, sannan a dasa a bokiti. Ba ta shan ruwa kamar ayaba. Sau biyu a mako ya wadatar. Ba ta son toka. Abin da take nema shi ne haƙuri: shekara biyu kafin ta ba da ɗa guda. Ba za ta ciyar da gida ba, amma babu malamin da ya fi ta koya wa yara jira.

*Lemu.* A nan kalmar da za ku riƙe ita ce “aure”. Lemu mai aure shi ne wanda aka ɗauko ido ko reshe daga bishiya mai zaƙi aka haɗa da gindin wata mai ƙarfin saiwa. Yakan fara haihuwa cikin kamar shekara uku. Wanda aka shuka daga ƙwaya yakan ninka wannan lokaci, ga yawan ƙaya. Wajen dasawa, kada ƙasa ta rufe wurin auren. Duk reshen da ya tsiro a ƙasa da wurin a fizge shi, domin na gindin ne. Idan aka bar shi zai rinjayi na sama, a wayi gari ana shan tsami.

4. A wurin mai sayar da dashe

A karanta wannan hira, mutum biyu su ɗauki murya.

“Sannu da aiki, Malam. Wannan lemun mai aure ne?”

“Yauwa, sannu Hajiya. Mai aure ne mana. Duka nan masu aure ne.”

“To nuna mini wurin auren.”

Ya sunkuya ya ɗago ledar, ya nuna mata wani ɗan gwiwa a jikin itacen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda launin ɓawon ya sauya. Ta ɗaga ganye ta leƙa bayansa, ta ga babu farin ƙwaro. Ta juya ledar, ta ga wata saiwa mai kauri ta huda gindin ta shiga ƙasa, an tsinke ta.

“Wannan ya daɗe a leda, Malam. Ba ni wancan ƙaramin. Yaushe aka kawo su?”

“Shekaranjiya mota ta sauke su daga Binuwai, ranki ya daɗe.”

“Ashe bai san ranarmu ba tukuna. Sai ya yi mako biyu a inuwar zaure kafin in fitar da shi.”

Malam ya yi dariya ya ce, “Hajiya, ke ma sana’ar nan kike yi?”

Abu huɗu ta duba: wurin aure, bayan ganye, gindin leda, da ranar isowa. Wanda ke neman ingantaccen dashe ko shawara yana iya tuntuɓar malamin gona na yankinsu. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da kuma Dadin Kowa ta jihar Gombe.

5. Idan baƙo ya yi rashin lafiya

Tsiro ba ya magana, amma ganyensa yana faɗa. Idan bakin ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa, iska ce ko ƙishirwa. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya alhali ƙasa na jiƙe, ruwa ya yi yawa. Idan farin ɓawo ya fito a saman ƙasar tukunya, gishirin ruwan rijiya ko na burtsatse ne ya taru. A kankare shi, a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ta ƙasa.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana addabar gwanda. A daka ƙwayar darbejiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a ƙaramin bokiti ta kwana, a tace, a ɗan kaɗa sabulu kaɗan, a fesa bayan ganye da yamma, a maimaita bayan mako. ’Ya’yan lemu ko gwaba da suka faɗo da tsutsa a tsince su, a ƙulle a baƙar leda, a bar ta a rana kwanaki. Akuya kuwa, maganinta shinge ne. Minti biyar ya ishe ta cinye hidimar wata shida.

A kula da yara. Wasu furannin ado da ake sayarwa a bakin titi suna da guba, musamman masu fitar da farin ruwa kamar madara idan an karya su. A tambayi mai sayarwa, a ajiye su inda ƙaramin hannu ba zai kai ba.

6. Namu ma baƙo ne a wani wuri

Kun san kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ke fure tsakiyar rani ba tare da an ba ta ko kofi ɗaya na ruwa ba. Mu wucewa muke yi ta gefenta. A Turai da Tailan kuwa a tukunya ake renonta, ana sayar da ita da daraja. Mai ita a Jamus yana ɗauke ta zuwa ɗaki mai ɗumi idan sanyi ya shigo, yana haɗa mata ƙasa mai yashi, yana hana kansa ba ta ruwa. Wato yana ƙoƙarin gina mata Sahel a bakin taga, kamar yadda mu ke ƙoƙarin gina wa ayaba kurmi a bayan madafa. Aikin ɗaya ne. Shi ya tambayi kariya daga ina take, ya ji amsa. Ku fara da baƙo ɗaya, wanda ruwan gidanku zai iya ɗauka. Idan ya ga hunturu ya ga bazara yana tsaye, sai ku aika a kira na biyu.

Kalmomin da za a riƙe

*Dashe:* ƙaramin tsiron da aka rena a leda ko a fangali don a mayar da shi mazauninsa.
*Aure:* haɗa reshen wata bishiya da gindin wata su zama ɗaya.
*Laima:* danshin da ke cikin ƙasa ko iska.
*Milimita:* ma’aunin yawan ruwan sama.

Tambayoyi

1. Me ya sa fatake ba su shuka goro a Kano ba?
2. Kawo abokan gaba uku da tsiron kurmi ke tararwa a ƙasar Hausa.
3. Yaya ake gane gwanda namiji da mace?
4. Me ya sa ake barin tushe uku kawai a gurbin ayaba?
5. Waɗanne abubuwa huɗu Hajiya ta duba kafin ta sayi lemu?

Lissafi

A ce gurbin ayaba yana shan jarka ɗaya mai lita 25 kullum a bazara. Lita nawa ke nan a kwana 30? Nawa ake sayar da jarka a unguwarku? Nawa za ku kashe a wata? Idan ruwan alwala da na wankin ganye na gidanku ya kai rabin jarka a yini, nawa kuka rage?

Aikin gida

Zana taswirar tsakar gidanku a takarda. Nuna gabas da yamma, inda inuwa take da la’asar, da hanyar da ruwa ke bi. Sa alama a wurin da za ku sauki baƙonku na farko, ku zo da takardar aji mai zuwa ku faɗa wa ’yan’uwa dalilinku.